Ranar da Milutin Ya Tarar da Kansa a Bango

A unguwarmu ta Karaburma, a birnin Belgrad, ba bangon da bai sha feshin fenti ya ƙoshi ba sai guda ɗaya, shi ne na gefen benen da Milutin mai fenti yake zaune. Dogon bango ne marar taga, yana fuskantar tashar bas, fari ƙal, irin wanda duk yaron da ke yawo da gwangwanin feshi a jaka in ya gani sai yawunsa ya tsinke. Ba wai ba sa rubutu a kansa ba, suna yi mana! Kwana biyu ne dai rubutun ba ya yi. Gari na wayewa za ka ga Milutin ya fito da tsani da bokiti da rola, ya karkata hula, yana shafewa yana ’yar waƙarsa.

Ba wanda ya sa shi. Ranar da ya ajiye aiki ne ya miƙe a taron mazauna benen, ya daki ƙirji ya ce muddin yana numfashi, ƙazanta ba za ta kwana biyu a bangon nan ba. Mutane suka tafa, suka koma gida suka manta. Shi bai manta ba. Milutin mutum ne da in ya ce nan ne gabas, to sai dai rana ta gyara hanyarta.

In ka ce masa ai wasu zanen suna da kyau, sai ya dube ka sama da ƙasa.

“Kyau? Kai in na shigo falonka na zana maka doki a labule, kyan dokin zai hana ka kira min ’yan sanda? Ɓarna ɓarna ce, ko da ruwan zinariya aka yi ta.”

Abu ɗaya ne rolarsa ba ta taɓawa, shi ne fuskar mamaci. Wannan kuwa ba shi kaɗai ba. In ɗan unguwa ya rasu aka zana fuskarsa a bango, da shekarar haihuwa da ta rasuwa a ƙasa, to wurin ya haramta ga kowa. Magoya bayan ƙungiyar ƙwallo mai jar riga da na mai baƙar riga, waɗanda ba su da aiki sai soke sunan juna a kowane lungu, in sun zo nan sai su mayar da gwangwani aljihu. Ma’aikatan hukuma ma kewayewa suke yi. Milutin kansa yakan je bayan makaranta, inda fuskar wani yaron unguwa da babur ya kashe take, ya gyara farin da ke kewaye da ita da ƙaramin burushi. Amma fa idonsa na kan gefen bango, ba ya ɗaga kai. Kuma kar ka kuskura ka ce masa zane yake girmamawa, don zai ce maka mamacin yake girmamawa.

Abin da ke ci masa rai shi ne, wadda ta zana yaron nan, da mafi yawan fuskokin da ke wannan gefen birnin, ’yarsa ce tilo, Isidora.

Shi ya koya mata riƙon burushi tun ba ta kai tsawon bokiti biyu ba. Yana ganin ya sami magajiya. To barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, sai dai ita wannan ’yar barewar wani dajin daban ta yanka. Tana ’yar sakandare, ya wayi gari ya tarar da wani shuɗin tsuntsu a tsakiyar bangonsa. Kallo ɗaya ya gane hannun, ai shi ya gina hannun. Ya ɗauko rola ya shafe, tana tsaye a baranda tana kallo. Mahaifiyarta Radmila, Allah ya jiƙanta, ta yi kwanaki ba ta yi masa magana ba. Da can “ɗana” yake kiran yarinyar, kamar yadda iyayenmu maza ke kiran ’ya mace in sonta ya cika musu ciki. Tun daga tsuntsun nan ta koma Isidora zalla.

Yanzu ta haura talatin. Uwaye ne ke zuwa mata da hoto a jaka suna kuka, ita kuma ta hau tsani ta dawo musu da fuskar ’ya’yansu. Tun da Radmila ta rasu, kowace Lahadi tana zuwa cin abincin rana da shi, kuma kowace Lahadi sai ta ce:

“Baba, na gama wani a unguwar Zvezdara. Zo mu je ka gani.”

“Na ga bango a rayuwata har na ƙoshi. Miƙo min gishiri.”

Yana sonta kamar ransa, wannan kowa ya sani, shi ma ya sani. Amma ya riga ya yi magana a gaban mutane, kuma a ganinsa duk ranar da ya tsaya gaban aikinta ya ɗaga kai, to ranar yaran unguwa sun ci shi da yaƙi.

Da kaka ta yi, ya tafi ƙauye wurin ƙanwarsa taya ta tsinkar inabi da dafa giyar gida, kamar kowace shekara. Kamar kowace shekara kuma, bai gaya wa kowa ba, don a cewarsa shi ba yaro ba ne da zai nemi izini. Ya sauke ƙyamaren taga, ya jefa wayarsa a durowa, ya kama hanya. Ya so ya yi ’yan kwanaki, inabi ya yi albarka, ƙanwar kuma ta ce ba inda za shi sai an yi masa bikin cika saba’in a can. Har ya kusa mako biyu.

Da hantsi bas ta sauke shi, jarkar giya a hannun dama, kwandon inabi a hagu. Yana ɗaga ido sai ya ga launi. Launi a bangonsa, daga ƙasa har bene na biyu!

“Kan uban can!” ya ce. “’Yan kwanakin nan kawai? To yau za a san wanda ya haifi wani.”

Ya tsallaka titi jininsa na tafasa. Sai da ya matso ya lura da taro a gindin bangon, mutanen benensu da na makwabta, kowa da baƙaƙen kaya. Kyandirori rawaye sun yi layi a ƙasa suna ci, ga furanni an ajiye bibbiyu bibbiyu yadda ake kai wa kabari. Fushinsa ya ɗan lafa. Ashe rasuwa aka yi. Ya ajiye jarka, ya cire hula, ya tsaya can baya, ya ɗaga kai don ya ga wane ne Allah ya ɗauka.

Ya ga wani tsoho mai karkatacciyar hula da gashin baki fari, da manyan kunnuwa, yana riƙe da rola. A kan sandar rolar wani shuɗin tsuntsu ya yi zamansa.

Milutin ya shafa gashin bakinsa. Ya shafa kunnensa. Ya sake duban bangon da kyau, don ba kullum ne mutum ke dawowa daga ƙauye ya tarar ya mutu ba.

A gaba, amininsa Obrad, wanda ya yi masa abokin ango, yana tsaye cikin kwat ɗin da ba ya sawa sai jana’iza, yana jawabi yana jan majina.

“Mutum ne mai taurin kai, Allah na gani. Ka ce masa ga rami, sai ya ce ai hanya ce. Amma wane ne a cikinku bai taɓa yi masa fentin ɗaki ba? Goggo Desanka, da ɗanki zai yi aure, wa ya kwana yana goge miki kicin?”

Goggo Desanka ta bene na uku, wadda ke riƙe da babban kwanon dafaffiyar alkamar sadaka, ta rushe da kuka.

Sai wani ƙato mai gemu ya matso, ɗansa a kafaɗa. Vuk ke nan, direban motar kaya. Shi ne ya fi kowa rubuta sunansa a bangon nan lokacin ƙuruciya, kuma har yau ana zargin hannun bai daina ƙaiƙayi ba.

“Ni kam,” in ji Vuk, “Kawu Milutin ya shafe ni ya fi a ƙirga. Sau da yawa ya kama ni da gwangwani a hannu, kunnena har yau yana tunawa. Amma bai taɓa kira mana ’yan sanda ba, ko sau ɗaya. Kuma ku da ba ku san feshi ba, ba za ku gane ba: duk Belgrad ba bango mai santsin wannan. Ka fesa, fenti ya kwanta luf. Shi yake gyara mana shi kullum, yana zaginmu. Na yi magana da yaran, na ja da na baƙi. Duk wanda ya sa ɗigo ɗaya a nan, da ni zai yi.”

Shekara da shekaru Milutin yana ganin yaran nan maƙiyansa ne, yau ga shugabansu yana share hawaye da bayan hannu. Ya ji daɗi, ya ji kunya, ya kuma ji haushin jin daɗin. Da ya ci gaba da tsayuwa shiru ya sha yabo har la’asar, amma sai Obrad ya sake buɗe baki.

“Abu ɗaya dai zan faɗa tunda gaskiya ake faɗa a kan mamaci. Tsawon zamanmu bai taɓa ci na a karta ba sai da maguɗi, amma na yafe masa.”

“Ƙarya kake, Obrad!”

Taro ya juyo gaba ɗaya. Goggo Desanka ta ƙwalla ƙara, kwanon alkama ya tafi ƙasa, tattabarun tashar bas suka sami rabonsu. Wata mata ta yi alamar gicciye da hannun da ke riƙe da kyandir har ta ƙona mayafi. Fadil mai gidan burodi, Musulmin layinmu, wanda tun safe yake raba burek, burodin nan mai nama a ciki, kyauta, ya ce “Inna lillahi!” ya ja da baya, ya sake leƙawa, ya ce “A’a, alhamdu lillahi!” Obrad kuwa ya zauna a ƙasa daɓas da kwat ɗinsa.

“Milutin? Kai ne ko kuwa?”

“A’a, kakarka ce. Yaushe na taɓa yi maka maguɗi? Kai da ba ka iya ƙirga katin hannunka ba!”

Obrad ya miƙe ya rungume shi, ya sumbace shi a kumatu, sa’an nan ya ɗirka masa dundu a baya.

“Tsohon banza! Ka san kwana nawa ban ci abinci ba? Ina ka shiga?”

“Ƙauye mana, tsinkar inabi. Ina nake zuwa kowace shekara?”

“To wayarka fa?”

“Tana durowa, inda ya dace da ita.”

Nan kowa ya shiga ba shi labari, baki goma a lokaci guda, har ya haɗa zancen. An ga tagoginsa a rufe, an kira waya shiru. Sai ga Isidora ta kafa tsani a bangon da rana tsaka, da baƙaƙen kayanta na kullum, takunkumi a hanci, abin jin waƙa a kunne, ta fara fitar da fuskar ubanta. To a unguwar nan wa ake zanawa a bango? Kuma wane marar kunya ne zai tsayar da ’ya a kan tsani ya ce mata me ya kashe shi? Mutane suka riƙa wucewa a hankali suna sunkuyar da kai. Ta gama ta wuce garin Novi Sad wani aiki. Da aka ga ba shekara a ƙasan zanen, aka ce hannunta ne ya kasa, baiwar Allah. Sai yau da safe Obrad ya yi ƙarfin hali ya kira ta yana kuka, yana tambayar a ina aka binne shi ba a gaya wa kowa ba. Bai ma ji amsarta ba, kukan ya ci ƙarfinsa ya kashe wayar.

Aka yi dariya har da riƙe ciki, aka buɗe jarkar da ya zo da ita, aka sha don lafiyar mamaci. Amma dariyar ba ta daɗe ba. Goggo Desanka ta gyara mayafi ta nuna bangon da yatsa.

“Maƙwabci, ka shafe abin nan yau yau ɗin nan. Ba a zana mai rai. Kiran mutuwa ke nan, ta zo wucewa ta ga fuskarka ta ce au, ashe na manta da wannan.”

“Gaskiyarta,” in ji Obrad. “Ni ba zan iya wannan kukan sau biyu ba.”

Vuk ya sauke ɗansa, ya sosa gemu. “Kawu, ni ma dole na janye maganata. Dokar ta matattu ce. Tunda kana raye, bango ya koma na kowa. Yaran nan kafin Lahadi sun yi maka tabarau da haƙoran zomo, ba ruwana.”

Ka ji fa! Shekarun nan duka Milutin shi kaɗai yake yaƙinsa, ana yi masa dariya ta taga. Yau unguwa kaf ta goyi bayansa, tsofaffi da ’yan feshi, kowa na cewa ɗauko rola. Ya kamata ya ji ya yi nasara. Ya dubi tsuntsun nan da ke zaune a kan sandar rolar, ransa ya sake ɓaci. Wato ramuwa ce. Ta jira shekaru ta dawo masa da tsuntsunta, ta kuma ɗora masa a hannu, a gaban duniya.

Yana cikin wannan sai ga tasi ta tsaya, Isidora ta fito a guje, fenti a wandonta, ido jawur. Ta tsaya cak da ta gan shi. Ta dubi kyandirori, ta dubi furanni, ta dafe kai.

“Wayyo Allah. Kawu Obrad, me kuka yi? Na yi ta kiranka ba ka ɗauka!”

“Mu muka yi ko ke kika yi?” in ji Goggo Desanka. “Kin kashe ubanki da ransa, ’yar nan.”

Isidora ba ta kula ta ba, ta zo gaban Milutin.

“Baba, sannu da hanya. Kyautar saba’in ɗinka ce. Ban yi tunanin za su ɗauka haka ba, wallahi ban yi ba.”

“Wa ya ba ki izinin bangon?”

“Ba kowa.”

“To me sunan wannan?”

“Na san sunan da kake kiransa.” Muryarta ba ta yi rawa ba, ’yar ubanta ce. “Baba, duk wanda na zana bai taɓa ganin abin da na yi masa ba. Kullum uwar za ta tsaya a bayana ta ce, da ma ya gani. Na gaji da jin da ma. Na so mutum ɗaya ya gani da idonsa, kuma kai nake so. In za ka shafe, bangonka ne, ka shafe, ba yau ka fara ba. Amma ka duba tukuna. In ka shafe ba ka duba ba, ba zan ƙara ce maka zo ka gani ba. Zan zo Lahadi, in miƙa maka gishiri, shi ke nan.”

Milutin ya san ba barazana take ba. Ya kuma san abin da ya faɗa a gaban mutanen nan, ga su tsaye suna jira. Ya mayar da hularsa, ya shiga ɗakin ƙasa inda yake ajiye kayan aiki, ya fito da dogon tsani da bokitin farin fenti. Fadil ya kwashe kyandirori gefe. Milutin ya jingina tsanin, ya rataya bokiti, ya hau. Shi daga sama yake fara aiki, tun yana yaron shago haka aka koya masa.

Ya yi niyyar kada ya duba. Amma mai fenti ba ya shafa bango ido rufe, dole ya san inda rola za ta sauka. Da ya kai daidai kan, sai ga kunnen nan na hagu a gabansa, faɗinsa ya kai faranti. Ya tsoma rola, ya ɗaga, sai ya ga wani ɗan farin tabo a bayan kunnen. Ya ɗauka kuskure ne, fenti ya ɗiga mata, har ya fara murmushin mugunta. Ya matsa kusa. Ba ɗiga ba ce. Da gangan aka yi shi da ƙaramin burushi, har da ’yar inuwarsa, har da silin gashi biyu da suka manne a ciki. Daga ƙasa ba mai iya ganinsa, sai wanda ya hau tsani.

Ya san tabon nan. Duk wankan da zai yi bayan aiki, wurin nan ne hannunsa ba ya kaiwa, madubi kuma ba ya nuna masa. Radmila ce kullum in zai zauna cin abinci za ta ce “tsaya, ƙazami,” ta lashi babban yatsa ta goge masa. Tun da ta tafi bai ƙara tunawa da shi ba. Ya sa yatsa a bayan kunnensa na gaske, ya ji ɗan busasshen fenti a wurin. Kusan mako biyu rabonsa da bokiti, ga shi nan daram.

Ashe kowace Lahadi yarinyar nan tana zaune a gefensa tana kallon tabon, tana so ta miƙa hannu, shi kuma bai bar mata ƙofar da za ta miƙa ba. Ita ta dube shi har bayan kunne, shi ko ɗaga kai bai taɓa yi mata ba. Kunya ta rufe shi, tausayinta ya kama shi, hawaye suka zo masa a kan tsani, abin da bai taɓa yi ba ko ranar jana’izar Radmila. Ya bar fuskarsa a jikin bango har suka tsaya.

“Lafiya dai, maƙwabci?” Goggo Desanka ta ɗaga murya. “Ko jiri ne?”

“Fentin nan ya yi kauri,” in ji shi, ya sauko.

Ya koma ɗakin ƙasa. A can saman kanta akwai wani gwangwanin banish, irin mai tsadar nan da ake shafa wa fenti don ya kare shi daga rana da ruwa, wanda ko an yi feshi a kansa soso da ruwa ke wanke shi. Ya daɗe yana adana shi, bai ga bangon da ya cancanta ba. Ya juye shi a sabon bokiti, ya ɗauki sabuwar rola. Shi banish ɗin nan a bokiti fari ne tas kamar madara, sai ya bushe yake komawa garau.

Ya sake hawa. Ya tsoma, ya ja layi ɗaya daga hula zuwa gira, fari ya rufe goshin tsohon. Mutane suka sauke ajiyar zuciya.

“Madalla,” in ji Goggo Desanka. “Rai ya fi zane.”

Isidora ta kalli layi na farko, ta kalli na biyu, ta juya ta ɗauki jakarta. Milutin yana ganinta ta gefen ido, ya ci gaba da aikinsa. Ta yi taku kaɗan sai iska ta kaɗa daga wajen bangon. Ta tsaya. Ta ja hanci. Ita da ta tashi a cikin gwangwanaye, ta san warin farin fenti tun kafin ta san warin turare, kuma wannan ba shi ba ne. Ta juyo a hankali ta ɗaga kai. Duk taron nan ba wanda ya gane sai ita.

Ya dube ta daga sama, ya ɗaure fuska kamar kullum.

“Kin tsaya kina kallona? Riƙe min tsanin nan, ɗana, ƙasan ba daidai take ba.”

Jakar ta faɗi. Ta zo ta kama tsanin da hannu biyu, ta kifa goshinta a kan matakala, kafaɗunta suna rawa.

Rana ta kaka tana dukan bangon sosai. Kafin ya gangaro kan tsuntsun, wanda ya bi a hankali da ƙaramin burushi har gashin jela, can sama farin ya fara washewa. Hula ta fito, gira ta fito, idanun suka dawo suna ƙyalli fiye da da.

Goggo Desanka ce ta fara lura. “A’a! Maƙwabci, yana dawowa! Milutin, me ka shafa?”

“Abin da ya dace da shi.”

“To mutuwar fa?”

“In ta zo ta tarar da mu biyu, ta ɗauki na bangon, ya fi ni kyau.” Ya nuna Vuk da rola. “Kai kuma gaya wa yaranka. Matattu doka ke tsare su. Wannan mai shi yana raye, yana da soso, kuma ya san gidan kowa.”

Vuk ya tuntsire da dariya. “To Kawu, yanzu me za mu kira shi? Zane ne ko ɓarna?”

“Ɓarna ce mana, ba ta nemi izini ba. Kai dai ka yi irinta in ka isa.”

Ya sauko ya tsaya a ƙasa, ya ja da baya har bakin titi, ya ɗaga kai ya duba, ya daɗe yana dubawa a gaban kowa. Isidora ta zo ta tsaya a gefensa.

“Kunnuwan sun yi girma,” ya ce.

“Haka suke, Baba.”

“Na Zvezdara fa, wace bas ake hawa?”

Isidora ta juyo ta dube shi. Ta ce masa “tsaya,” ta lashi babban yatsanta, ta kai bayan kunnensa na hagu. Shi kuma ya sunkuyar mata da kai ya tsaya.